Aure Ya Mutu, Yaron Fa?

Karatu: 1 Sarakuna 3:16-28, Farawa 21:8-21



Mu da muke koyar da yara a Makarantar Lahadi, sau da yawa mu ne muke fara sanin cewa wani aure ya girgiza, tun kafin maganar ta kai kunnen fasto. Ba wanda yake zuwa ya faɗa mana. Littafin kiran suna ne yake tona asirin. Yaron da bai taɓa fashi ba, a kira sunansa Lahadi ɗaya shiru, ta biyu shiru, a ta uku sai wani cikin 'yan ajin ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, babansa ya kai shi ƙauye."

Haka ya faru da wata yarinya 'yar shekara 7 a ɗaya daga cikin ikkilisiyoyinmu. Ba za mu kama suna ba, domin ba tonon silili muka zo yi ba. Ita ce kullum take riga kowa haddace ayar mako. Iyayenta suka sami saɓani, uwar ta yi yaji ta koma gidansu ta wajen Babura tare da ita. Bayan mako biyu uban ya zo daga Kano inda yake aiki, ya ce zai kai ta kasuwa ya saya mata takalmin Kirsimeti. Ya sa ta a mota, bai zame ko'ina ba sai gidan tsohuwarsa a wani ƙauye ta wajen Gwiwa. Ya ajiye ta, ya kwana ɗaya, ya koma Kano.

Dattawa sun zauna a kan wannan aure har sau biyar, mun kuwa shaida sun yi ƙoƙari. An yi addu'a, an yi azumi, an kira waliyyai, an yi wa mijin faɗa, an ba matar haƙuri. Amma a duk zaman nan biyar ba a taɓa sa maganar yarinyar a gaba ba. Aka ce in an shirya iyayen, ita ma ta shiryu. Zangon karatu biyu suka wuce ba ta shiga aji ba. Da biyu daga cikinmu suka je dubo ta, suka tarar tana dawowa daga rijiya da bokiti a ka. Kakar ba muguwa ba ce, tsohuwa ce da idonta ya fara gazawa, ita kanta tana neman mai riƙonta. Yarinyar ta gaishe su da ladabi, sannan ta ja malamarta gefe ta tambaye ta a hankali, "Malama, Mama ta san inda nake?"

Iyayenmu dattawa, a gafarce mu. Mun san ba a saba yaro ya tsoma baki a maganar aure ba, yawancinmu ma ba mu yi auren ba tukuna. Amma wasu a cikin zumuntar nan tamu su ne waccan yarinya shekara 15 da suka wuce, sun san ɗanɗanon abin. Saboda haka za mu faɗa, da ladabi amma ba kwana-kwana: duk ranar da ikkilisiya ta zauna a kan auren da ya rabu ta tashi ba ta tsai da inda yara za su kwana, da wanda zai ciyar da su, da ranar da za su ga ɗaya mahaifin ba, to ta yanke hukunci ko da ba ta furta ba. Ta bar yaron ga wanda ya fi ƙarfi, ko wanda ya riga kai hannu.

Mun san amsar da za a ba mu, mun sha jinta. Za a ce in muka zauna muna tsara wanda zai riƙe yaro, mun yarda da kisan aure ke nan, alhali Malakai sura 2 ta nuna Allah yana ƙin wannan abu. Mu ma mun gaskata haka, ba mu kuwa roƙi kowa ya sassauta koyarwar ba. Sai dai a koma a karanta wurin a tsanake. A aya ta 15, ana tsakiyar tsawata wa mazan da suka ci amanar matan ƙuruciyarsu, annabin ya kawo maganar zuriya, wato 'ya'ya masu tsoron Allah da ake so auren ya haifar. Ashe ayar da muke fakewa da ita don kada mu yi maganar yara, ita kanta da yaran a cikinta. In gobara ta kama ɗaki, ana ɗebo ruwa ana kashewa, amma kafin nan ana fitar da jaririn da yake kwance a ciki. Ba wanda zai ce wa mai fitar da jariri ya goyi bayan wuta. Shirya miji da mata yakan ɗauki wata shida, ko shekara biyu, wani lokaci har a mutu ba a shirya ba. Yaro kuwa gobe da safe zai nemi koko, ranar Litinin zai nemi aji.

Da ikkilisiya ta yi shiru, wa yake magana? Al'ada. Al'adar kuwa kowa ya san ta daga Kazaure har Roni: ɗa na uba ne. A bar wa uwa har ta yaye, daga nan a aiko gwaggo ta ɗauke shi. Muka shigo da wannan cikin majami'a yadda muka same shi, ba mu taɓa ɗora shi a ma'aunin Littafi Mai Tsarki ba, kamar yadda muka ɗora tsafi da sauran abubuwan da kakanninmu suka bari sa'ad da suka karɓi bishara. Har za ka ji mai bi, wanda yake cin Jibin Ubangiji, yana cewa, "Ai na biya sadaki." Sadaki kuɗin aure ne, ɗan'uwa. Ba akuya ka saya ba, balle ka ce 'ya'yan da ta haifa naka ne kai kaɗai.

Abin da ya fi ba mu haushi shi ne, da yawa daga cikin masu ƙwace yaro ba riƙonsa suke so ba. Da riƙon suke so, da mun ga suna yi masa wanka, suna zama da shi a asibiti in zazzaɓi ya kama shi, suna duba littafinsa da dare. Ina! Mutum ya ɗauko yaro ya jibge wa tsohuwarsa, ko ya miƙa wa amaryar da ba ta nemi wannan kaya ba, shi kuwa da kaka ta yi ya kama hanyar cin rani, sai damina. Abin da yake so shi ne uwar ta ji zafi, ta rasa barci, ta dawo tana roƙo. Yaron ya zama igiyar da ake jan uwa da ita. Wani kuma akasin haka yake yi: ya bar mata yara uku, ya ɗauke hannunsa ƙaf, ko mudun gero ba ya aikawa, wai in tana son abinci ta dawo ɗakinta. Manzo Bulus bai yi wa irin wannan sassauci ba. A 1 Timoti 5:8 ya lissafa wanda ya ƙi kula da mutanen gidansa cikin waɗanda suka yi musun bangaskiya, ya kuma sa shi ƙasa da marar bi. Mukan sa yarinya a horo don ta yi ciki ba aure, mu hana ta Jibi, kowa ya gani. Yaushe rabon da mu ji an sa wani a horo don ya shekara bai ciyar da 'ya'yansa ba?

Wani ya taɓa kawo mana Ibrahim a matsayin hujja, ya ce ai shi ma gurasa da salkar ruwa kawai ya ba Hajaratu da ɗanta ya sallame su. To, a karanta labarin har ƙarshe. Abin ya dami Ibrahim ƙwarai saboda ɗansa ne, bai kuwa sallame su ba sai da Allah da kansa ya yi masa alkawari a kan makomar yaron. Kai da kake kwatanta kanka da shi, yaushe aka yi maka wannan alkawari? Duk da haka ruwan ya ƙare a jejin Biyer-sheba, uwar ta kwantar da yaron a gindin wani ɗan itace ta koma nesa don kada ta ga mutuwarsa. Wurin da ya kamata mu tsaya a kai shi ne aya ta 17: muryar yaron ce aka ce Allah ya ji. Manya sun gama rigimarsu, kowa da hujjarsa, amma kukan da ya kai sama na yaron ne. Sai mu tambayi kanmu ko a zaman dattawanmu akwai kunnen da yake jin wannan murya.

Akwai abin kunya a nan da ya kamata mu haɗiye. Maƙwabtanmu Musulmi suna da rubutacciyar ƙa'ida a kan wannan magana tun ƙarnuka da yawa. A mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar nan, kamar yadda yake a Risala ta Ibn Abi Zaid da almajirai suke karantawa a zaure, riƙon yaro bayan rabuwa na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. In uwar ta auri wani, riƙon yakan koma wajen mahaifiyarta, ciyarwa kuwa tana wuyan uba. Ko ana bin wannan a kowane gida ko ba a bi, wata magana ce dabam, al'ada takan fi ƙarfin littafi a wurinsu kamar yadda take yi a wurinmu. Amma macen da aka zalunta tana da abin da za ta nuna wa alƙali. Tamu 'yar'uwar fa, me za ta nuna wa dattawa?

Dokar ƙasa ma ta riga mu. Dokar shari'o'in aure ta 1970, wadda ta shafi duk auren da aka yi wa rajista, ta ce a sashe na 71 in kotu za ta yanke maganar riƙon yara, alherin yaran ne za ta sa gaba da kome. Irin wannan aure Babbar Kotu ce kaɗai take da ikon raba shi, abin da yawancinmu ba mu sani ba sai rigima ta taso. Ko a auren gargajiya, Kotun Ƙoli ta faɗa a shari'ar Okwueze da Okwueze a 1989 cewa haƙƙin da al'ada ta ba uba ba ya tsayawa in zai cuci yaron. Dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 da wannan ƙa'ida ta buɗe, Jiharmu ta Jigawa kuma ta sami tata dokar kare yara da Gwamna Muhammad Badaru Abubakar ya sa wa hannu a ƙarshen 2021. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1991, ta ce yaron da iyayensa suka rabu yana da haƙƙin ci gaba da hulɗa da su duka biyu, a kuma saurari ra'ayinsa gwargwadon hankalinsa. Alƙalai da 'yan majalisa sun gane yaro mutum ne mai nasa haƙƙi. Mu da Ubangijinmu ya ɗauki ƙaramin yaro ya tsai da shi a tsakiyar almajiransa, ya kuma yi kashedi da dutsen niƙa a wuya ga duk wanda ya sa irinsa tuntuɓe, mu ne muka rage a baya.

Kada 'yan'uwanmu mata su ɗauka mun wanke su. Mun ga uwar da ta sauya lambar waya, ta kai yara wajen yayarta a Kaduna, uban yana yawo da kuɗin makaranta a aljihu bai san inda zai kai ba. Mun ga wadda kullum dare take zuba wa yaro labarin muguntar ubansa, har yaron ya ga uban a bakin majami'a ya ɓuya a bayan zanenta. Wataƙila duk abin da ta faɗa gaskiya ne. Amma yaron nan rabinsa uban ne, kamarsa ce a fuskarsa, sunansa yake amsawa a makaranta. In kika koya masa ƙin ubansa, kin koya masa ƙin rabin kansa, da wannan kuwa zai girma ya shiga nasa auren.

Akwai tsoro ɗaya da ba a cika faɗinsa a fili ba, gara mu faɗe shi. Mu kaɗan ne a wannan yanki. Dangin uba sukan ce in aka bar yaro a hannun uwa, gobe ta auri wanda ba mai bi ba, yaron ya zama agola a gidan da ba a kiran sunan Yesu, shi ke nan an rasa shi. Ba mu raina wannan tsoro ba, ya taɓa faruwa. Amma a duba abin da ake yi da sunansa. A ɗauke yaro daga uwar da take kawo shi sujada kowace Lahadi, a kai shi inda ba mai kai shi ko'ina, saboda abin da ake zaton za ta yi nan da shekara uku. Wace bangaskiya ake tsarewa a haka? Yaron da ya tashi yana ganin masu bi ne suka raba shi da uwarsa, dattawa suna kallo, da wane baki za mu ce masa Allah Uba ne mai ƙauna? Ba a raba hanta da jini a zauna lafiya. In wannan damuwa ce ta gaskiya, wurinta yana cikin yarjejeniya: a rubuta cewa ranar da ɗaya daga cikin iyayen zai sake aure za a sake zama a duba. Tun zamanin da 'yan mishan na SIM suke da makarantar yara maza a Roni, da kulawa da koyarwa aka riƙe yara cikin bangaskiya a ƙasar nan.

In kuwa matar ta gaji ta ce za ta kotu, nan da nan sai a buɗe mata 1 Korintiyawa 6, a ce mai bi ba ya kai ɗan'uwansa ƙara gaban marasa bi. Daidai. Amma a aya ta 5 Bulus ikkilisiyar yake kunyatawa, yana tambayarsu ko an rasa mai hikima ko ɗaya a cikinsu da zai iya raba gardama tsakanin 'yan'uwa. Bai hana zuwa kotu don a zauna da zalunci ba. Ya hana ne domin yana sa rai ikkilisiya za ta yi aikin da kanta, ta kuma yi shi da adalci. Ba daidai ba ne mu tare ƙofar kotu da aya, mu kuma kulle tamu ƙofar.

Yanzu mu koma ga karatunmu. Mata biyu a gida ɗaya, kowace da jariri, tsakaninsu kwana uku. Ɗaya ta danne nata da dare ya mutu, ta musanya. Ba shaida, ba kowa a gidan sai su. Suka tsaya gaban Sarki Sulemanu, wannan ta ce nata ne, waccan ta ce nata ne. Sarki ya sa a kawo takobi a raba yaron biyu. Mun saba ɗaukar labarin a kan wayon sarki, muna yara ma har tafi muke yi. Amma a dubi matan. Ta ƙaryar ta yarda a raba. A wurinta adalci shi ne kada abokiyar gardamarta ta samu, ko da ita ma za ta tashi a tutar babu. Ta gaskiyar kuwa hanjinta ya kaɗa, ta zaɓi ta faɗi a shari'ar, a ba kishiyarta yaron, a kira ta maƙaryaciya a gaban fada, muddin zai rayu. Da wannan sarki ya gane ta. Bai tambayi wadda ta fi iya magana ba, bai tambayi wadda ta fi dangi ba, bai ma tsaya a kan irin rayuwar da suke yi ba, ko da yake Littafi bai ɓoye cewa karuwai ne ba. Abu ɗaya ya auna: wace ce za ta iya haƙura da nata haƙƙi saboda yaron?

Wannan ma'auni ne muke roƙon dattawa su ɗauka. Uban da ya ce gara yarinya ta zauna ba makaranta da a ce tana hannun uwarta, ya yarda a raba. Uwar da ta ce gara yaro ya sha wahala da ya ci kuɗin ubansa, ta yarda a raba. Takobin zamaninmu ba ya zub da jini, shi ya sa ba ma ganinsa.

Abin da muke nema ba shi da wuya. Ranar da aka fara zama a kan auren da miji da mata suka raba ɗaki, a fara da yara, a kuma rubuta abin da aka tsayar, kowa ya sa hannu, waliyyai su shaida. A faɗi inda yaro zai zauna lokacin karatu, kada a cire shi daga makaranta a tsakiyar zango saboda fushin manya. Mai shan nono da ƙanana a bar su wajen uwa in ba wani dalili mai ƙarfi, kada kuma a rarraba wa da ƙane kamar kayan gado. A faɗi abin da uba zai kawo da lokacin kawowa, in kuɗi ne a faɗi adadi, in hatsi ne a faɗi buhu nawa bayan girbi, domin "zan riƙa taimakawa" ba ta cika tukunya. A raba hutu tun da wuri, Kirsimeti a nan, Ista a can. Dogon hutu kuwa a lura da shi, don yana faɗawa a tsakiyar damina, kada ziyarar uba ta zama neman ɗan ƙwadago a gona. A san wanda yake riƙe da takardar haihuwa da katin rigakafi, ɗayan kuma a ba shi kwafi. Mun ga yaron da ya kusa rasa jarrabawa domin takardarsa tana cikin akwatin da uba ya kulle. A sa ranar waya. Yaron da ya yi wayo a tambaye shi a keɓe, a bakin wanda ya saba da shi, ba a tsai da shi gaban iyaye a ce ya zaɓa ba, wannan ma wani takobin ne. A kuma sa mata biyu daga Zumuntar Mata a zaman, don akwai abin da uwa ba za ta iya faɗa a gaban maza zalla ba.

Inda kuwa duka ne ya raba auren, ko maye, ko an taɓa yaron ta hanyar da ba ta dace ba, wannan ya wuce a rufe shi a ɗakin fasto. A tsare yaron tukuna, a kai maganar ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma ko ga hukumar da ta dace, kada a tura shi hutu gidan da ake tsoro don a ce an yi adalci.

Mu ma matasa muna da namu laifi. Mun iya baza labarin wanda ya rabu da wa a WhatsApp, amma ba mu iya tambayar inda yaran suke ba. Cikinmu akwai masu babur, akwai masu bin hanyar Kazaure zuwa Roni kowane mako, akwai ɗaliban kwalejin fasaha ta Hussaini Adamu da suke komawa gida hutu. In iyaye ba sa iya haɗa ido, ɗayanmu zai iya raka yaro daga wannan gida zuwa wancan, da izinin dattawa, ya kuma dawo da shi ranar da aka ce. Wanda yake da waya zai iya kai ta ƙauye ranar Lahadi da yamma yaro ya ji muryar uwarsa.

Haka aka yi wa yarinyar nan a ranar da aka je dubo ta. Malamarta ta buga wa uwar, ta miƙa mata wayar. Ba ta iya cewa kome ba sai "Mama", uwar ma haka, kati ya ƙare suna kuka. Har yau da muke wannan rubutu tana gidan kakarta, auren kuma yana nan yadda yake. Mun rubuta wa dattawan ikkilisiyarsu wasiƙa muna roƙo a sa maganarta ita kaɗai a zama na gaba, kafin a koma makaranta. Muna roƙon kowane reshe na zumunta, daga Kazaure da Babura har Roni da Gwiwa, ya buɗe littafin kiran suna na Makarantar Lahadi wannan mako, ya duba sunayen da aka daina amsawa, ya kai wa fastonsa.